Tashar talabijin a garin riɗi: yadda wani attajirin Jigawa ya kusa cinye jarinsa, 2014 zuwa 2024

Asali: daga awon riɗi zuwa sha'awar talabijin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan wani gari ne a arewa maso gabashin Jigawa, tsakanin Gumel da Haɗeja. Ba za a ambaci sunansa ko na tasharsa ba, za a riƙa ce masa Alhaji kamar yadda mutanen garin suke yi. Ya tashi a gidan noma, ya yi allo, ya gama firamare, daga nan ya shiga awo. Da farko yaron wani dillali ne, yana bin kasuwannin ƙauye da buhu da kwano yana tara riɗi da zoɓo ana kaiwa Dawanau. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agustan 1991 ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Daga baya ya mallaki sito-sito a garinsu da Dawanau, da manyan motoci, yana sayar wa kamfanonin da ke fitar da riɗi zuwa Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo kuma zuwa Meziko.

Wannan sana'a tana da sharaɗi guda da ba a karya shi. Idan kaka ta yi dole kuɗi ya kasance a hannu, domin a 'yan makonnin nan ne kaya ke araha, a nan ake cika sito a jira tashin farashi. Wanda kaka ta riske shi babu tsaba, shekarar ta wuce shi. Alhaji ya san haka sarai, amma lissafinsa duk a ka yake, kuma aljihunsa ɗaya ne: da na ciniki, da na gida, da na zakka da taimakon dangi, duk daga wuri guda suke fita.

Kafin 1992 gwamnati kaɗai ke da ikon mallakar rediyo da talabijin a Najeriya. Doka mai lamba 38 ta wannan shekara, a mulkin Janar Ibrahim Babangida, ita ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raymond Dokpesi ya buɗe Raypower a Legas a 1994, ya biyo da AIT a 1996. A Kano, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, ta nuna cewa kafa mai zaman kanta za ta iya rayuwa da Hausa. Da Arewa24 ta bayyana a 2014, Alhaji ya ce shi ma zai yi tasa. Dalilin da yake faɗa wa mutane shi ne ba a jin sunan yankinsu a labarai sai an yi ambaliya ko haɗarin mota. Wannan gaskiya ne. Na kusa da shi kuma sun san akwai son girma a ciki, don mai sito da yawa ba ya kai mai gidan talabijin kwarjini a taron ɗaurin aure.

2014 zuwa 2015: kafa tashar

Ya zaɓi tauraron ɗan'adam maimakon eriya, tunda eriya tana buƙatar dogon ƙarfe da na'urar watsawa mai cin wuta, kuma iyakarta garuruwan kusa. Ya yi wa kamfani rajista, ya nemi lasisi a NBC, ya kama hayar gurbi a tauraro ta hannun wani kamfani. Kuɗin wannan haya da dala ake lissafa shi.

Sitidiyo kuwa ya dage sai a garinsu. Aka gyara wani tsohon sito, aka liƙe bangonsa da soso don kashe amsa-kuwwa, aka sa na'urorin sanyaya ɗaki, aka girke janareto biyu masu shan gas, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa, saboda wutar gari sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Intanet ta garin ba ta iya ɗaukar nauyin hoto, don haka kullum da asuba direba zai ɗauki ma'ajiyar shirye-shiryen jiya ya kai wani ƙaramin ofis a Kano, daga can a tura wa masu ɗorawa a tauraro. Abin da tashar ke kira labaran yau, na jiya ne.

Masu gabatarwa da masu kyamara da masu tace hoto daga Kano aka ɗauko su, aka ba su gidaje, kowane ƙarshen mako su koma wurin iyalansu a motar tasha. Manaja ƙanin Alhaji ne, ma'aji ɗan yayarsa, kuma babu ɗayansu da ya taɓa aiki a gidan yaɗa labarai. Aka tsara awa 18 a rana.

Farawar ta zo daidai da kakar zaɓen 2015, wanda aka yi a ranar 28 ga Maris da 11 ga Afrilu. 'Yan takara suka yi ta kawo waƙoƙi da hirarraki suna biya nan take. A watannin nan kuɗin da ya shigo ya biya albashi da gas har da saura, Alhaji ya ɗauka haka abin zai ci gaba. Ba a buɗe wa tashar asusun kanta ba. In gas ya ƙare manaja ya je sito ya karɓo a wurin mai riƙe kuɗin riɗi, in talla ta shigo a zuba a can.

2016 zuwa 2018: kuɗi na fita ba a san nawa ba

Da aka rantsar da sababbin gwamnatoci tallan siyasa ya ɗauke. A watan Yunin 2016 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga 197 zuwa sama da 280 a farashin hukuma, hayar tauraro ta bi ta. Manaja ya je neman tallan manyan kamfanoni, na waya da na taliya da na sabulu, sai ya tarar ba da kansu suke rabawa ba. Suna da wakilan talla a Legas, kuma tambayar farko da wakilan ke yi ita ce mutum nawa ke kallonku, a ina, da ƙarfe nawa. Tashar ba ta da amsa. 'Yar tallar da aka samu ma sai bayan watanni ake biya.

A 2018 aka dakatar da kai zoɓon Najeriya Meziko saboda ƙwarin sito da aka gano a wasu kaya. Farashin zoɓo ya faɗi, kayan Alhaji suka kwanta. A kakar wannan shekara, karo na farko tun da ya zama mai kansa, kuɗin hannunsa bai isa cika sito ba, sai da ya sayar da manyan motoci biyu. Ya ɗora laifin duka a kan zoɓo. Babu wanda zai iya nuna masa kason tashar a cikin giɓin, domin babu littafin da aka rubuta shi.

2019 zuwa 2021: abubuwan da aka gwada

Zaɓen 2019 ya dawo da fata. Wani ɗan takara ya sayi lokaci mai yawa a dunƙule, ya ba da kafin alƙalami, ya ce sauran sai bayan zaɓe. Tashar ta zama tamkar tasa, safe da yamma shi ake gani. Ya faɗi zaɓe, sauran kuɗin bai fito ba har yau, waɗanda suka ci kuma suka ɗauki tashar a matsayin ta 'yan adawa. 'Yan sanarwowin da ake samu daga ƙananan hukumomi suka tsaya.

Daga nan aka koma fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, da tunanin matasa za su taru. Matasan kuwa sun riga sun samu hanya mafi sauƙi. A kowace tasha da bakin kasuwa akwai mai cajin waya da kwamfuta, ka ba shi 'yan canji ya tura maka fim a waya, ka kalla lokacin da ka ga dama, ka tsayar ka je gona ka dawo ka ci gaba. Ba wanda zai zauna jiran ƙarfe tara na dare. Abin da aka samu kawai shi ne ƙorafin malaman gari, waɗanda suka taka har zauren Alhaji.

Abin da ya kawo kuɗi da gaske shi ne masu maganin gargajiya. Suna biya da tsaba, kullum, ba bashi. Manaja ya ba su awannin dare mafi tsada. Sai dai kalaman da wasunsu ke yi kan cututtukan ma'aurata ba su jiyuwa a gaban 'ya'ya, magidanta suka fara canza tasha da zarar an yi sallar isha'i, wasu suka goge ta daga dikoda gaba ɗaya. Ga kuma ƙa'idar watsa labarai da ta hana yi wa mutane alkawarin warkewa da maganin da hukuma ba ta tantance ba. Takardar gargaɗi ta zo, aka rage su, kuɗin ma ya ragu.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, zirga-zirga tsakanin jihohi ta tsaya, direba ya daina zuwa, tauraro ya yi ta maimaita tsofaffin shirye-shirye. A cikin wannan zaman ne wani yaro mai tace hoto, ɗan garin, ya fara yanko gajerun hotuna yana sawa a Facebook da wayarsa. Wata rana ya ɗauki wani mai awo yana faɗin kuɗin kwanon gero da na wake, abin bai kai minti biyu ba. Aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya fiye da duk abin da tashar ta taɓa yi. Manaja ya kira shi ya yi masa faɗa, ya ce yana raba kayan tasha kyauta.

2022 zuwa tsakiyar 2023: allo ya yi baƙi

A farkon 2022 litar gas tana wajen naira 300. Kafin ƙarshen shekarar ta haura 800, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar mai. Janareto mai aiki awa 18 da na'urorin sanyi a zafin Afrilu na Jigawa ya zama babban abin da ke cin kuɗi, ya wuce albashi. A watan Agusta NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, cikinsu har da AIT. An dakatar da matakin daga baya, amma ya tuna wa kowa cewa lasisi sabunta shi ake yi duk shekara biyar, kuma ba kyauta ba. A damina ambaliya ta cinye gonaki da hanyoyi a kwarin Haɗeja, riɗin da Alhaji ya ba manoma bashi a kansa bai dawo duka ba.

Zaɓen 2023 bai ceci kowa ba. Canjin takardun naira ya sa tsaba ta ɓace a watannin kamfe, kuma 'yan siyasa sun gano cewa rediyo da matasan soshiyal midiya sun fi arha, sun fi saurin isa ƙauye. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, motar da ke kai shirye-shirye Kano ta ninka kuɗin mai fiye da sau biyu. A watan Yuni aka sake sakin naira, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta kama hanyar da ta kai ta sama da 1,500 a farkon 2024. Albashi ya taru, ma'aikatan Kano suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, hayar tauraro ta wuce wa'adi, kamfanin ya sauke tashar.

A wannan lokaci ne babbar 'yarsa, wadda ta karanta lissafin kuɗi a jami'a, ta nemi a ba ta duk rasiɗan da za a iya samu. Ta tattaro na gidan mai, da na banki, da 'yan takardun da mai riƙe kuɗin sito yake cusawa a durowa. Da ta gama haɗawa ta same shi bayan sallar magariba.

"Baba, in ka yarda in faɗi abin da na gani."

"Faɗi, Uwata."

"Ba zoɓo ne ya ci motocin nan ba. Tun bayan zaɓen farko babu shekarar da tashar ta ciyar da kanta. Sito ne yake biya, kuma a kaka yake biya mafi yawa."

Bai amsa a daren ba. Bayan kwanaki ya kira ƙaninsa ya ce ya miƙa mata makullan ofis, shi ƙanin kuma ya koma kula da motoci.

Ƙarshen 2023 zuwa 2024: gyara

Abu na farko, aka buɗe wa tashar asusu nata, aka hana kowa karɓar ko sisi daga sito da sunanta. Alhaji ya yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata, aka rubuta shi a matsayin kuɗin ɗaukar nauyin shirin karatun malamai, kuma ba ya ƙaruwa ko da me ya faru. Aka sayar da janareto ɗaya da motar ma'aikata, aka sa sola da batura da za su riƙe kyamarori da kwamfutoci da fitilu. Ɗaukar shiri ya koma safiya da bayan la'asar, lokacin da ake iya aiki da fanka. Sabon shiri ya sauka daga awa 18 zuwa 6, sauran lokacin kwamfutar ofishin Kano tana maimaitawa. An koma tauraro da gurbi mai rahusa, hoton bai kai na da kyau ba, kuma ba a ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Abu na biyu, aka tura sauran ma'aikata, yawancinsu 'yan gari, su zaga ƙauyuka su ga wa ke kallo. Abin da suka tarar: kwanon tauraro yana gidan mai gari, da gidajen 'yan kasuwa kaɗan, da teburin mai shayi, da gidan kallo, shi kuma gidan kallo ƙwallon Turai yake nunawa. Waya kuwa tana aljihun kusan kowane saurayi, kuma matan aure suna karɓar ta 'ya'yansu da dare. Aka dawo da yaron da aka yi wa faɗa, aka ba shi aikin yanka kowane shiri gajere-gajere don Facebook da WhatsApp.

Daga nan shirin farashin kasuwa ya fito, wanda shi ne ya ɗaga tashar. Ba a ɗauki sababbin wakilai ba. Alhaji yana da yara a kasuwanni tun shekaru, waɗanda ke buga masa waya su faɗi yadda kaya suka kwana. Aka koya musu riƙe waya a kwance da tsayawa inda rana ba ta bayan mai magana. Ranar Alhamis hoto ya zo daga Maigatari, kuɗin rago da sa da raƙumi. Ranar Lahadi daga Gujungu, ranar Juma'a daga Wudil, Dawanau kuwa kullum. Mai kallo zai ga dillali tsaye kan buhu, ya tsoma hannu ya ɗebo riɗi ya watsa a tafinsa don a ga haskensa da ƙarancin ƙasa, ya faɗi kuɗin buhu, na gefe ya ce a'a, da safe ne aka sayar haka, yanzu ya ƙara. Ba a yanke wannan gardama, don ita ce ke sa a yarda.

Nan ma an yi tuntuɓe. A makonnin farko manoma suka ce ai mai tashar shi ne babban mai saye, ta yaya za a yarda da farashin da yaransa suka faɗa? Zargin yana da tushe, don wanda ke sayen riɗi yana da riba in an ji kaya sun faɗi. Aka sa doka: yaron Alhaji yana riƙe waya ne kawai, ba ya faɗin farashi da bakinsa, dole a ji daga dillalai aƙalla uku waɗanda ba sa ciniki da gidan, kuma a ji daga manomin da ya sayar a ranar. Alhaji bai so wannan ba, domin ya rage masa ratar da yake samu a ƙauyukan da labari ba ya isa da wuri. Ya dai haƙura.

Da shirin ya karɓu, masu ɗaukar nauyi suka zo da kansu, kuma ba daga Legas ba: dillalan taki da maganin feshi, masu sayar da injin ban-ruwa da sola, masu injin casar shinkafa da ke neman shanshera. Noman rani na alkama da shinkafa a kwarin Haɗeja ya sa suna da abin tallatawa har bayan damina. Sai kuma sanarwa, wadda a da ake raina ta: ɗaurin aure, rasuwa, saukar karatu, cigiyar dabba ko yaro. Aka naɗa masu POS da masu cajin waya na ƙauyuka wakilai, su karɓi saƙo da hoto da kuɗi, su cire ladansu su turo sauran. Kowace ɗaya kuɗinta kaɗan ne, amma ba a yin ta bashi.

Ba duka ne ya yi aiki ba. An gwada watsa kasuwar Maigatari kai tsaye, sabis ya riƙa yankewa, aka bari. Kuɗin YouTube da aka sa wa rai bai taka kara ya karya ba, saboda tallan da ake nuna wa masu kallo a Najeriya ba ya biya sosai. Dangin da aka sallama kuma har yanzu wasu ba sa gaisawa da 'yar.

Zuwa kakar 2024 tashar tana biyan albashi da data da gyaran kaya daga abin da ta samu. Hayar tauraro ba ta cika biyanta ita kaɗai ba, kuɗin wata-wata na Alhaji ne ke cike giɓin. A wannan kaka bai taɓa jarin riɗi don tashar ba.

Hukunci

Gas da dala da korona sun bugi kowace tasha a ƙasar nan, don haka ba su ne suka bambanta wannan lamari ba. Abin da ya kusa kashe ta shi ne haɗa aljihu. Da tana da asusunta tun 2015, da an ga asarar a shekarar farko bayan zaɓe, lokacin da gyaran ke da sauƙi. Arziƙin mai ita ne ya ɓoye ciwon, don talaka da ya kafa irin wannan tasha da ya rufe ko ya gyara cikin watanni.

Gwaje-gwajen 2019 zuwa 2021 sun faɗi ne saboda duk an yi su ba tare da an tambayi wa ke kallo ba. Ɗan siyasa da mai magani suna biya, amma kowannensu yana korar wani ɓangare na masu kallo, kuma tashar da ke ƙaramin gari ba ta da mutanen da za ta yi asara. Shirin farashi ya yi nasara domin shi kaɗai ne abin da wannan gida ya fi manyan tashoshi sani, kuma kayan aikinsa suna nan tun kafin a sayi kyamara ta farko. A ganina dagewar da ya yi a kan gina sitidiyo a ƙauye, wadda ta fi komai cin kuɗi a farko, ita ce ta ba da 'yan garin da suka riƙe aikin bayan na Kano sun tafi, ko da yake ba don haka ya yi ta ba.

Akwai abubuwa biyu da ba a warware ba. Hayar tauraro tana nan da dala alhali mafi yawan masu kallo a waya suke, kuma 'yar tana ganin a sauka daga tauraron, Alhaji ya ce muddin yana raye ba za a ce tasharsa ta koma shafin Facebook ba. Na biyu, kamfanin da lasisin duk da sunansa suke shi kaɗai, yana da mata uku da 'ya'ya da yawa, kuma babu wata takarda da ta ce wadda ke tafiyar da tashar yanzu tana da hurumin ci gaba da riƙe ta idan aka zo rabon gado.